Na ba wata gada kalmar sirrina ta Mastodon, shin na yi kuskure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Kwamfutata ta tsufa, burauza ta yi mata nauyi. Wani ya nuna min wata gada, wato manhajar da ke kawo dandalin sada zumunta na Mastodon cikin Gemini a rubutu zalla, ya ce ta nan babu mai ganin abin da nake yi. Gadar ta nemi kalmar sirrina, na ba ta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi kuskure. Maza ka canza kalmar sirrin, ka duba jerin manhajojin da ke da izinin shiga asusunka, ka soke wadda ba ka gane ba.

Bukatarka kam tana kan hanya. Gemini, wato ƙa'idar karanta shafuka a intanet da aka fara a 2019 mai aiki ta ƙofa 1965 (ba manhajar AI ta Google ba), ba ta da JavaScript, ba ta da kukis, tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarta. Amma wannan magana ta "babu mai ganinka" ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai na ci karo da ita. Masu yaɗa ta sun ji an ce dole Gemini ta bi ta TLS, tsarin ɓoye saƙo a kan hanya, sai suka ɗauka magana ta ƙare. TLS hanya kawai yake tsarewa, daga na'urarka zuwa sabar mai gadar, wato kwamfutar da gadar ke aiki a kanta. Da saƙo ya isa can, a buɗe yake a hannunsa.

Kuma akwai abin da ya fi wannan. A Gemini, duk abin da ka rubuta ana liƙa shi ne a wutsiyar adireshin da ka nema. In sabar tana ajiye tarihin adireshi, kalmar sirrinka na kwance a ciki ɓaro-ɓaro. Akwai lamba 11 da saba ke aikowa in tana neman bayanan sirri, sai dai aikinta ɓoye haruffa a fuskar allo, don kada na kusa da kai ya leƙa. Mai sabar yana gani sarai. Gopher kuwa, tsohuwar ƙa'ida irin Gemini wadda ta fito daga Jami'ar Minnesota a 1991, asalinta ba ta da ɓoyewa ko kaɗan. Wanda ya ce ka shigar da kalmar sirri ta ƙofa 70, wato ta Gopher, ko dai bai san aikin ba, ko ya san abin da yake nema.

Sannan gadar ba ta canza halin ActivityPub, ƙa'idar da sabobin Mastodon ke musayar saƙo da ita. Ta baya dole ta yi magana da sauran sabobi ta HTTPS, rubutunka ya bazu, kowace saba ta riƙe kwafinta. Saƙon sirri na Mastodon ma masu kula da sabobin biyu suna iya karanta shi. In ka goge rubutu, roƙo kawai ake aikawa, mai kwafi ya ga dama ya bi.

To me za ka yi? In karatu kawai kake so, ba ka bukatar shiga asusu: ƙara .rss a ƙarshen adireshin mutum, za ka samu rubuce-rubucensa na fili. In sai ka shiga, Mastodon na ba ka damar ƙirƙirar makulli mai izinin karatu kaɗai, wanda za ka soke duk sa'ar da ka so. Akwai kuma irin su tootik, saba ce ta ActivityPub da fuskarta Gemini ce, satifiket ɗin da manhajarka ta Gemini irin Lagrange ta ƙirƙira shi ne shaidarka. Ka adana shi da kyau, don shi ne makullin asusun.

Sai ka yi haƙuri da ƙuncin wurin rubutu. Adireshi a Gemini ba ya wuce bait 1024, harafi mai lanƙwasa kamar ƙ ko ɗ yana cin gurbi 6, tazara tana cin 3. Rubutun Hausa mai haruffa 500 da Mastodon ke karɓa zai iya ƙin shiga, sai ka raba shi biyu.