Tambaya da Amsa: Me ya sa hayaƙin janareto ba ya tada mai barci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan na riƙe numfashi, ko minti ɗaya ba na kaiwa sai ƙirjina ya matsa mini na saki. To yaya ake yi hayaƙin janareto ko na gawayi ya kashe mutane cikin barci, jikinsu bai tashe su ba? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ke tilasta maka sakin numfashi ba ƙarancin oksijin ba ne, ko da yake haka yawancin mutane suka ɗauka. Taruwar iskar da jiki ke fitarwa ce, wato kabon-dayoksaid.

A gindin ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya inda ta haɗu da laka, akwai ƙwayoyin jijiya da aikinsu ɗanɗana tsamin ruwan da ke kewaye da su. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kabon-dayoksaid ɗinsa kuma tsakanin 35 da 45 a ma'aunin matsin iska da ake kira mmHg. Da ka riƙe numfashi sai iskar ta taru, ta ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba wuya, ta gauraya da ruwa ta zama tsami. Ruwan ƙwaƙwalwa ba shi da furotin mai yawa da zai shanye tsamin kamar yadda jini ke yi, saboda haka ko ɗan ƙari kaɗan sai ya bayyana. Nan take ƙwayoyin su aika wa wani gungu na kusa da su, wanda ke kaɗa wa numfashi ganga (a 1991 aka gano shi), shi kuma ya zaburar da tsokokin ƙirji. Mutum a zaune yana shaƙar kamar lita 6 a minti. Ƙarin maki ɗaya tak na kabon-dayoksaid yana iya ƙara masa lita 2 zuwa 3.

Oksijin masu gadinsa daban ne: 'yan ƙululu biyu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, a gefen wuya inda babbar jijiyar jini ta rabu gida biyu. Ba sa tashi haiƙan sai oksijin jini ya sauka ƙasa da 60 a wannan ma'auni na mmHg.

To, hayaƙin da ka tambaya yana ɗauke da kabon-monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana wuce masu gadin nan duka ba su gan ta ba. Tana manne wa sinadarin jajayen ƙwayoyin jini fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, ta hana su dakon oksijin. Amma huhu yana ci gaba da fitar da kabon-dayoksaid yadda ya saba, don haka da farko tsami ba ya ƙaruwa, masu gadin ƙeya suna zaune lafiya. Na wuya kuwa oksijin da ya narke a ruwan jini suke aunawa, shi kuma yana nan bai ragu ba. Babu wanda zai buga ƙararrawa. Idan mutum ya sha kodin ko taramadol kafin ya kwanta, abin ya fi muni, domin su ma dakushe ƙwayoyin jijiyar da ke kula da numfashi suke yi.

Wanda ke farke yakan ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Abin lura shi ne mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, ba zafin jiki, kuma su ji sauƙi da sun fita waje. A fitar da kowa, a kashe injin, a nufi asibiti ko da an ga sun farfaɗo. A iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ta fita daga jini. Da oksijin zalla, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta ruɗe ku, tana iya nuna 98 alhali jinin cike yake da guba, don ba ta bambance oksijin da gubar.

Janareto a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da ɗaki. Zaure, baranda da ƙarƙashin bene duk ba fili ba ne, ko da an bar ƙofa a buɗe. Kaskon gawayi na hunturu kuma a fitar da shi kafin a rufe ɗaki, ko da garwashin ya daina hayaƙi.