Amsa: Kwantenar CentOS 7 ta ƙi tashi bayan sabunta Proxmox

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tun da ka ɗaga sabar ofishinku da ke Kawo zuwa Proxmox 7 (manhajar da ke gudanar da kwantenoni, wato ƙananan tsarukan Linux da ke zaune a cikin sabar), kwantenar CentOS 7 ta daina tashi, alhali na Debian suna aiki lafiya lau.

Zargina ya fi karkata ga cgroup, wato tsarin da Linux ke amfani da shi wajen raba wa shirye-shirye ƙarfin na'ura. Kwantena ba ta da kernel (zuciyar tsarin Linux) nata, na babbar na'ura take aro, don haka duk canjin da aka yi a sama yana shafar ta. Proxmox 7, wanda ya fito a 2021, ya koma cgroup v2 zalla, shi kuwa CentOS 7 systemd (manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin) siga ta 219 gare shi, wanda bai san wannan tsarin ba. Sai systemd daga 231 zuwa sama ne ya san shi.

Amma kada ka yi aiki da zato. Buga `pct start 101 --debug` (sa lambar kwantenarka a madadin 101) ka karanta layukan ƙarshe. In ka ga maganar cgroup, ƙara `systemd.unified_cgroup_hierarchy=0` a layin kernel cikin `/etc/default/grub` na babbar na'ura, ka buga `update-grub`, sannan ka kashe babbar na'urar ka kunna.

Wannan fa maganin wucin gadi ne. An daina tallafa wa CentOS 7 tun Yunin 2024, gara ka kwashe kayanka zuwa Rocky ko AlmaLinux.

Af, an ɗauke wuta ana tsakiyar aikin? Ka san halin wutarmu a Kaduna. In haka ne, fara da `pct fsck 101` kwantenar tana kashe, ka kuma duba `df -h` ko faifan ya cika. Liƙo mana abin da ya fito.