Tambaya da Amsa: Wane ɗaki zan kama wa Hajiya a jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da mahaifiyata muna shirin tafiyar mako guda a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, wanda zai tashi daga Dubai a watan Janairu. Damuwata ita ce Hajiya ba ta jure tafiya. Ko daga Gombe zuwa Bauchi sai mun tsaya a hanya saboda tashin zuciya, ga shi barcinta ba nauyi, motsi kaɗan ya tashe ta. Ejan ya kawo min zaɓi uku: ɗaki mai baranda a hawa na 14 can gaban jirgi, ya ce shi ne na manya, ko ɗaki marar taga a hawa na 5 ta baya, mai sauƙin kuɗi, ko kuma in biya kawai kamfanin ya zaɓa mana ɗaki da kansa. Wanne zan ɗauka? Daga mai karatu a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi maka albarka da wannan hidima, ya ƙara wa Hajiya lafiya. A cikin ukun nan babu wanda zan kama mata. Ka koma wa ejan ka ce ya buɗe maka taswirar jirgin hawa-hawa, domin ɗakin da ya dace da ita yana tsakiyar jirgi, a hawan da ke da ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa. Bari in yi maka bayanin dalili, don ko da ejan ya zo da wata magana ka san abin da za ka ce masa.

Jirgi a kan teku rawa iri biyu yake yi da ke damun fasinja. Akwai wadda goshinsa zai ɗaga sama ya sauko, bayansa kuma ya yi akasin haka. Akwai kuma tangaɗi, ya karkata dama ya dawo hagu. Wanda ya taɓa shiga doguwar motar Legas ya san bambancin kujerar tsakiya da ta can ƙarshe: rami ɗaya mota za ta faɗa, na tsakiya ya ɗan girgiza, na baya kansa ya kusa taɓa rufi. To haka jirgi yake, sai dai tsawonsa ya ninka na mota sau ashirin ko fiye. Yawancin manyan jiragen nan sun haura mita 300. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ya kai wajen mita 365 da hawa 20. Idan abu mai wannan tsawo ya ɗan sunkuya kaɗan, wanda ke tsakiya da ƙyar zai ji, amma wanda ke goshi ana ɗaga shi ana sauke shi tazara mai yawa, kuma goshin ne ke fara karo da igiyar ruwa.

Tangaɗi kuwa tsayi yake bi. Duk yadda ka yi sama daga fuskar ruwa, haka lilon ke ƙara faɗi. Jiragen zamani suna da wasu fukafukai na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ake fito da su idan teku ta harzuƙa, kuma suna rage tangaɗi sosai. Amma ba su da wani tasiri na kirki a kan ɗagawa da saukar goshi. Ka ga ke nan ɗakin hawa na 14 a gaba ya haɗa aibi biyu, yana sama kuma yana goshi. Ejan bai yi ƙarya ba da ya ce na manya ne, don kamfanoni kan ɗora ɗakuna masu tsada a sama saboda kallo da kusanci da wurin ninkaya. Tsadar ta kallo ce. Mai jiri idan ya biya ta, da kuɗinsa ya sayi wahala.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali. Hanyar da za ku bi ba ta cikin masu tsanani. Tekun Fasha kewaye take da ƙasa, ba ta da zurfi sosai, tashoshinta irin su Abu Dhabi da Doha suna kusa da juna, don haka jirgi yakan yi tafiyarsa da dare ya wayi gari a tasha. Akwai dai iskar arewa maso yamma da Larabawa ke kira shamal, wadda kan taso a lokacin sanyi ta dama ruwa kwana ɗaya ko biyu, kuma idan tafiyar ta haɗa da Maskat za ku fita ta mashigin Hormuz zuwa ruwa mai faɗi. Duk da haka ba za a haɗa ta da tekun Biskay da ke tsakanin Faransa da Sifaniya ba, ko gaɓar Durban ta Afirka ta Kudu inda jiragen kamfanin MSC ke tashi zuwa Mozambik. A ganina, a wannan tafiya hayaniya za ta fi jiri barazana ga Hajiya, kuma ita ce mutane ba sa tunawa da ita sai sun kwana ɗaya.

Ɗauki batun shiga tasha. Jirgi mai wannan girma ba ya iya matsawa gefe da kansa sai da wasu farfeloli da ke cikin ramuka a ƙasan goshinsa. Idan aka kunna su, ɗakunan gaba na ƙasa har gado karkarwa yake yi, kofin shayi na kaɗawa a kan tebur, ƙyauren kabad na ƙara. Yawanci da sassafe ake shiga tasha, wato daidai lokacin da tsohuwa ta idar da Asuba ta koma ta ɗan kishingiɗa. A tafiyar da kusan kullum akwai tasha, kusan kullum ke nan. Inda kuma babu wurin jingina sai an saki anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai riƙe jirgi wuri ɗaya, ƙarar sarƙarta idan tana zuba ba ta barin na gaba ya yi barci. Ta baya kuwa can ne injuna da manyan farfeloli suke, shi ya sa ɗakin hawa na 5 da aka yi maka tayi ya yi araha. Ba ya rawa sosai, amma akwai gunji da girgiza ƙasa-ƙasa duk dare. Wasu suna cewa gunjin ma barci yake sa su. Ban ga alamar Hajiya tana cikinsu ba.

Sauran hayaniyar ta mutane ce, kuma a taswira ake gano ta. Idan ka sami ɗakin da ya yi maka, kada ka tsaya a shafin hawansa kaɗai. Buɗe hawan da ke sama da shi, ka sa yatsa daidai wurin, ka ga mene ne a kansa. Sannan ka buɗe na ƙasa ka yi haka. Idan wurin ninkaya ne a sama, tun duhun asuba ma'aikata ke jan kujeru suna wanke daɓe, da rana yara na guje-guje, da dare kiɗa. Idan babban wurin cin abinci ne, za ka ji tayoyin amalanken kwanuka har tsakar dare. Idan zauren wasanni ne ko gidan rawa ko wurin caca a ƙasa, dukan ganga yana bin ƙarfen jirgi ya hau har cikin filo. Ɗakin motsa jiki ma haka, masu gudu a kan inji da masu sauke ƙarfe ba sa jiran gari ya waye. A yawancin jirage, wuraren taruwa suna hawa biyu ko uku na ƙasa-ƙasa, wurin ninkaya yana can sama, tsakaninsu kuma hawa huɗu ko fiye ne na ɗakunan kwana zalla. Ka bar na farkonsu ka bar na ƙarshensu, ka zaɓa daga na ciki, kana karkata zuwa ƙasa. Sau da yawa wannan kan faɗo wajen hawa na 9 ko na 10, amma kowane jirgi da tsarinsa, taswirar naku ce za ta raba gardama. Kada ma lambobin su ruɗe ka: wasu jiragen ba su da hawa na 13, na MSC kuma sukan tsallake 17 saboda camfin Italiyawa.

Akwai wani abu da ko ejan ba kowa ya san shi ba. A taswira za ka ga wasu wurare farare ko masu ruwan toka, ba lamba ba suna, a tsakanin ɗakuna. Waɗannan ba fili ba ne. Wuraren aikin ma'aikata ne: ma'ajin zannuwa, ƙaramin kicin, matakalarsu, lif ɗinsu. Ƙofofinsu masu nauyi ne, ana buɗewa ana rufewa dare da rana. Idan ɗaki ya jingina da irin wannan farin wuri ko yana kallonsa, matsa gaba kaɗan.

Batun lif na fasinja sai an yi sassauci. Kusa da shi akwai surutun masu dawowa daga kallo da dare, amma nesa da shi akwai tafiya. Dogon lungun jirgi ba wasa ba ne ga mai ciwon gwiwa, kuma za ta bi shi sau da yawa a yini. Ɗaki na huɗu zuwa na takwas daga lif ɗin tsakiya ya isa, ba a bakinsa ba, ba kuma can ƙurya ba.

Taga fa? Ina ba da shawarar a samu. Jirin tafiya yana zuwa ne idan kunnen ciki ya ji jiki na motsi, ido kuma ya ga bango a tsaye cik, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana daidaita su biyun. Ɗaki marar taga ya fi duhu da daɗin barci, gaskiya ne, amma mai tashin zuciya a cikinsa ba shi da abin da zai kafa wa ido. Ga kuma salla: a ɗakin da ba a ganin rana, dattijuwa ba za ta san Azahar daga La'asar ba sai da agogo, kuma hankalinta ba zai kwanta ba. (Alƙibla ma juyawa take yi da jirgin, kamfas ɗin waya kuma yakan ruɗe saboda yawan ƙarfe. Talabijin ɗin ɗaki yawanci yana da tashar da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da ita za ku fi gane alƙibla.) Idan aljihu ya kai, baranda a tsakiya ta fi, don ana buɗe ƙofa iska ta shigo, tagar ɗakunan ƙasa a liƙe take ba ta buɗuwa. Ka dai duba kada kwale-kwalen ceto su tare kallon, ana rubuta hakan a jikin taswira kuma ana rage kuɗin irin waɗannan ɗakuna.

Zaɓi na uku, wanda suke kira garanti, shi ne ka biya ajin ɗaki ba tare da lamba ba, su ba ka duk wanda ya rage dab da tafiya. Yana da sauƙi, wani lokaci ma a ɗaga mutum zuwa ajin da ya fi wanda ya biya. Amma ɗakunan da ke ragewa su ne waɗanda masu zaɓe suka ƙi, wato na goshi da na ƙarƙashin wurin ninkaya. Saurayi mai barci kamar an yi ruwa an ɗauke zai iya gwada sa'arsa. Kai da ke tafe da mahaifiya, kada kuɗinka ya fita sai lambar ɗaki tana rubuce a takarda. Ka kuma gaya wa ejan ya sa a rubuta cewa ba ka son a canja maka ɗaki da sunan ƙarin girma, don sukan yi hakan da kyakkyawar niyya su kai mutum sama can gaba.

Tunda ɗaki biyu za ku kama, nemi masu ƙofa a tsakani. Ga wanda maƙwabcinsa baƙo ne irin wannan ƙofa aibi ce, don magana da ƙarar talabijin suna ratsa ta fiye da bango. Ku kuwa alheri ce: ku ne maƙwabtan Hajiya ta gefe ɗaya, kuma idan ta ji ba daidai ba cikin dare ba sai ta fita lungu tana neman lambar ɗakinku ba. Irin waɗannan ɗakuna ba su da yawa kuma iyalai suna saurin kwashe su, don haka kada ka ja lokaci.

Ɗaki mai kyau yana rage jiri, ba ya hana shi gaba ɗaya. Kafin ku bar Gombe, kai ta wurin likitanta ya duba magungunan da take sha. Maganin jiri na Stugeron da ake samu a kantunan magani yana aiki, amma yana sa barci, kuma kamar awa biyu kafin tafiya ake shan sa, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Filastar da ake liƙawa a bayan kunne ba ta dace da mai hawan jinin ido ba, tana kuma iya rikita tsofaffi, don haka kada a karɓa daga hannun wani fasinja don ya ce ta yi masa aiki. Ku tafi da busasshiyar citta, ana samun ruwan zafi a jirgi. Ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo, kada ta zauna da yunwa. Akwai asibiti a cikin jirgin amma da kuɗin waje ake biya kuma da tsada, shi ya sa inshorar tafiya ba abin tsallakewa ba ce.

Ranar da kuka shiga, kafin ku kwance kaya, ku zauna shiru a ɗakin na 'yan mintuna ku saurara, ku sake saurarawa da dare bayan jirgi ya tashi. Idan akwai ƙyauren da ke ƙara ko wani ƙarfe da ke kaɗawa a rufi, gaya wa mai kula da ɗaki, sau da yawa ɗan gyara ne. Idan kuwa abin ya fi ƙarfin gyara, je teburin karɓar baƙi a daren farko ka nemi canji. Ɗakunan da suka rage babu kowa ba su da yawa, kuma wanda ya riga kai kuka shi ake fara ba.