Abin da ya karkatar da gidan Little Moreton Hall

Malam, ka tambaya ko gidan katakon nan mai baƙi da fari da ka gani a hoto na gaske ne, da kuma dalilin da ya sa ya karkace haka bai faɗi ba. Na gaske ne, yana kusa da garin Congleton a yankin Cheshire na Ingila, kuma lokacin da nake zaune a Mancesta na sha kai baƙi wurin.

Iyalin Moreton ne suka fara ginin a wajen 1504, aka yi ta ƙara masa sassa har kusan 1610. Ginshiƙansa duka na itacen oak ne, wani itace mai ƙwari da ake samu a Turai, wanda kafintoci ke aiki da shi tun yana ɗanye, su huda wannan su zura masa kan wancan, su kulle da turakun katako. Idan ya bushe sai ya murɗe, mahaɗar kuma ta ƙara kamewa. Ratar da ke tsakani da saƙar tsumagu ake cike ta, a yaɓe da laka da aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu.

Babban abin da ya karkatar da shi kuwa shi ne dogon ɗakin da aka ɗora a can sama, mai tsawon mita 21, aka rufe shi da falalen dutse, alhali benen da ke ƙarƙashinsa ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Idan ka tsaya a ƙarshensa za ka ga ƙasan ɗakin yana hawa yana gangara, tagogi kuma kowace ta kama gabanta. Daga baya aka ɗaure shi da sandunan ƙarfe.

A ganina talauci ne ya tsare gidan. Masu shi sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, arzikinsu ya karye, aka ba manoma hayarsa, babu mai kuɗin da zai rushe ya sake na zamani, har ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, a 1938. Masu gyaran irin waɗannan gidaje suna gudun siminti, domin yana riƙe danshi ya ruɓar da katako, kamar yadda yake cinye bangon ƙasa a wurinmu idan aka shafe shi da shi.