Tambaya da Amsa: Wannan tamfol mai igiyoyi, gadon sojan ruwa ne ko me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina tara tsofaffin kayan soja na gwanjo, to cikin wani ƙunshi da na saya sai na tarar da wani farin tamfol mai kauri, tsawonsa zai kai ƙafa 6, faɗin kamar rabin haka, gajerun gefunan biyu duk ramuka ne a jere, ga wasu siraran igiyoyi da aka saƙa suka haɗu a zoben ƙarfe. Akwai lamba da baƙin fenti amma ta kusa gogewa. Wani abokina yace na ɗaukar marasa lafiya ne, ni dai ban yarda ba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ai gara da baka yarda ba ɗan'uwa, na ɗaukar marasa lafiya ta dogon gefe ake kama shi da sanduna, naka kuwa ramukan suna kai da ƙafa ne kawai. Wannan gadon lilo ne na sojojin ruwa, irin wanda ake ratayewa a ƙugiya cikin jirgi.

Abin dubawa na farko dai inda ramukan suke. In gefe biyu ne kaɗai, lilo ne. In kuwa ka ga sun zagaye duk gefe huɗu to wani abu ne daban, shimfiɗar gadon bututun ƙarfe ce da ake ɗaurewa da igiya a jikin firam, irin gadajen da aka riƙa jerawa hawa-hawa da sarƙa a jiragen kwasar sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu sayarwa da yawa suna cakuɗa biyun nan, wani cikin rashin sani wani kuma da gangan don lilon yafi jan hankalin masu saye. Haka in ka ga gidan sauro da rufi a sama, na sojan ƙasa ne na yaƙin daji, babu ruwansa da jirgi.

Sai ka ƙirga ramukan, na Amurka yawanci 12 ne a kowane gefe, na Ingila 16. Ka kuma haska fitila a kusurwoyi, kayan gwamnatin Ingila suna da wata alama mai siffar kan kibiya, na Amurka kuma sau da yawa zaka ga USN, wato rundunar ruwan Amurka a taƙaice. Lambar nan ko sunan da ke jiki na sojan da aka ba ne, dan kowa da nasa.

Rundunar ruwan Ingila tun 1597 ta karɓi irin wannan gadon kuma bata rabu dashi ba sai bayan 1950, kaga kenan siffa kaɗai bata isa ta gaya maka shekarunsa ba. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska inci 14 kacal ake ba kowane mutum na faɗin wurin rataya, amma duk da matsin nan sojoji da yawa sun fi son shi akan gado, saboda jirgi yana tangaɗi shi lilon yana nan daidai, ba mai mirginowa ƙasa. Da safe a naɗe shi da siririyar katifarsa a ciki, a ɗaure gaɓa 7 da doguwar igiya, in naka ya daɗe a naɗe kana iya ganin sawun ɗaurin. A wancan zamanin wanda ya rasu a teku ma cikin nasa ake ɗinke shi.

Yanzu dan Allah kar ka saka shi a injin wanki, kar ka kusanto da bilic, fentin nan da ya rage shine shaidarka kuma wanki ɗaya zai tafi dashi. Buroshi mai laushi ya isa, ka shanya a inuwa ka ajiye inda babu laima. Igiyoyin ma ka barsu yadda suke ko sun tsufa, amma fa kar ka rataya kace zaka gwada kwanciya, tsohuwar igiya bata gargaɗi kafin ta tsinke.