Amsoshin Tambayoyinku: Motata Tana Zafi, Me Zan Saya?

Tun da bazara ta kankama, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili kan zafin mota suke. Kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: me zan saya? Kaɗan ne suka tambayi me ya lalace. Ga waɗanda na tsamo.

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto cewa tsohuwar Corolla gare ta, wadda ta yi shekaru tana tara kuɗi kafin ta saya. Idan ta shiga cunkoson Kwangila sai allurar zafi ta kama hawa, amma da ta hau titin Kaduna sai ta sauko. Makanike ya ce sai ta sayi lagireto dabal sel, wato mai layi biyu na hanyoyin ruwa, ita kuma tana tsoron ko injin ne ya kusa bugawa.

Malama, kwantar da hankalinki. Yadda kika lura da lokacin da allurar ke hawa da lokacin da take sauka, kin riga kin yi rabin aikin makaniken. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ba ta isarta, kuma abin da ke ba ta iska a tsaye fanka ce. A kan babban titi iskar gudu ke ratsa lagireto, shi ya sa ba kya ganin matsalar. Gobe da safe ki tada motar, ki kunna AC, ki buɗe bonet ki leƙa, ki riƙe mayafinki kada ya kusanci wurin. A yawancin motoci irin taki fanka kan tashi da an kunna AC. In ba ta motsa ba, wurin mai wayarin za ki, ba wurin mai sayar da lagireto ba. Ya fara da fiyus, sannan rile (makunnin da ke kai wa fanka wuta), sannan soket ɗin da ke shiga fankar, don yakan yi tsatsa ko ya narke. In duk suna lafiya, ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir don gwaji kawai. Ta juya da ƙarfi, to laifin na sensa ne ko waya. Ta ƙi juyawa, ko tana juyi sanyi-sanyi, injin da ke juya fankar ne ya gaji. Fiyus da rile gaba ɗaya ba su kai kuɗin rabin tankin mai ba. Kada ki sayi lagireto yanzu. Kafin a gyara, in allura ta doshi ja ki kashe AC, ki samu gefe ki tsaya, ki kashe injin. Kada ki taɓa marfin lagireto sai ya huce sarai, don ruwan da ke ciki yana iya feshe fuska.

Wani direban tasi mai Golf 3 daga Kano yana tambaya ko ya yarda a cire masa tamostat a kuma haɗa fanka dairek, tun da abokan aikinsa duk haka suka yi, wai kayan ƙasar sanyi ne.

Ɗan'uwa, kada ka yarda. Na san a gareji da yawa daga Ƙofar Ruwa har Fanteka wannan ne maganin farko, amma gyaran gangar Auzinawa ne. Tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, yakan buɗe ne tsakanin digiri 80 da 90, domin a nan injin ya fi aiki daidai, a Jamus yake ko a Sakkwato. Ka cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da sanyin hunturu, na'urar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi ta ci gaba da ƙara mai. Kai da ke lissafin kowace lita ka san abin da hakan ke nufi a ƙarshen wata. Fanka dairek kuma tana juyi tun daga tashi har kashewa, ta cinye gawayin da ke cikin injinta da wuri, kuma sau da yawa masu haɗawar ba sa sa fiyus, wanda shi ke jawo gobara. Golf 3 tana da makunnin zafi da aka ɗaura a jikin lagireto, shi ke tada fankar. Yawanci shi ne ke mutuwa. A canza shi. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a jefa shi cikin ruwan zafi a ga ko zai buɗe, in ya ƙi a sa sabo.

Wani mai karatu daga Gusau ya ce ya ga kulan, wato ruwan sanyaya inji, ja da kore a bakin titi cikin jarkoki, farashinsu bai kai rabin na shago ba. Wanne zai ɗauka?

Ko ɗaya. Kuma ka yi haƙuri, a nan zan daɗe, don wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yawancin abin da ake jerawa a rana cikin jarkoki marasa hatimi ruwa ne da kala. Launi ba ya sanyaya inji. Kulan na gaske yana ɗauke da wani sinadari da ake kira gilaikol, da kuma magungunan hana tsatsa, kuma su ne kake biya wa kuɗi. Kan injinan yanzu na alminiyam ne, ga famfon ruwa, ga siraran hanyoyin lagireto da ba su fi kaurin tsinke ba. Ka zuba musu ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, wata shida ba za ka ga komai ba, sai ka ce ai ga shi lafiya lau. A hankali tsatsa da datti su toshe hanyoyin, fukafukan famfon ruwa su zaizaye, rana ɗaya a kan hanyar Funtuwa mota ta tsaya da iyali a ciki. Wanda ya sayar maka da ruwan kalar ba ya nan, kuma ba wanda zai danganta abin da shi. Abin da ya sa wannan ha'inci ya daɗe ke nan: cutarsa ba ta bayyana da wuri.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin da zai kashe kuɗi a kan sababbin rim, da gilashi mai duhu, da rediyo mai ƙara, in aka zo kan ruwan da ran injin ya rataya a kai sai ya ce a zuba fiya wata leda biyar. Araha ba ta ado, mutanena. Ku saya a shagon da ke da adireshi, wanda za ku iya komawa gobe ku yi magana. Ku duba hatimin marfi, ku karanta rubutun jarka: in hoton ya dushe ko haruffan sun karkace, ku ajiye. Ku duba ko haɗaɗɗe ne da ake zubawa kai tsaye, ko mai kauri ne da ake sirkawa rabi da rabi. In na sirki ne, a sirka da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, mara asid. Kada a gauraya iri biyu don launinsu ya zo ɗaya, littafin motar ne ke faɗin irin da ya dace da ita. In kuma an tsinci kai a daji ba yadda za a yi, ruwan kowane iri ya fi babu, amma da an isa gari a zubar a wanke.

Haka marfin lagireto, wanda ba wanda ya tambaye ni a kansa alhali jabunsa na da yawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma marfi mai kyau yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. A garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan ratar ce ke tsare injinka. Jabun marfi sifirin ɗinsa lagwani ne, robarsa ta bushe cikin 'yan makonni, ruwa ya dinga tsiyaya ta ƙaramar jarka kana ƙarawa kullum kana zargin gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. A saman marfin akwai lamba, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Jafan. Ka sayi mai lambar da ta zo da motarka.

Iyaye kuma ku ji wannan da kyau: kulan guba ne, yana da zaƙi-zaƙi, jan kuma kamar zoɓo yake a ido. Kada a juye ragowarsa cikin gorar lemo, kada a bar shi inda yaro ko dabba za su kai.

Wani ya tambaya ko ɗanyen ƙwai ko garin barkono ya fi toshe yoyon lagireto.

Malam, wannan ba tambayar da mai mota zai yi ba ce. Abin da ya toshe huda zai toshe hanyar ruwa ma. Kai wa mai gyaran lagireto ya gano inda yake yoyo. In tankin robar ne ya tsage a canza shi, in tiyo ne a sa sabo.

Wani magidanci daga Kaduna mai Peugeot 406 ya ce tasa a kan hanyar Abuja take zafi, tana shan ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, da safe kuma tana fitar da farin hayaƙi. An ba shi shawarar ya sayi injin Beljiyam.

Alhaji, na ji nauyin abin, don kuɗin inji ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Alamun da ka lissafa sun fi kama da gasket ya ƙone. Ka duba ƙarƙashin marfin baƙin mai ko akwai wani abu fari-fari mai kauri, ka kuma duba ko jarkar ruwa tana kumfa da an tada mota, ko tiyo ya yi tauri tun injin bai ɗumama ba. In haka ne, ka ajiye motar, don kowace tafiya ƙara ɓarna take. Amma ƙonewar gasket ba mutuwar inji ba ce. A sauke kan injin a kai wurin masu injin gyara ƙarfe su auna ko ya lanƙwashe ko ya tsage. In lanƙwasa ce kaɗan za a goge shi, a sa gasket mai kyau, a ɗaure da ma'aunin ɗauri ba da ƙarfin hannu ba. Injin Beljiyam ba ka san tarihinsa ba, naka kuwa ka sani. Ka tuna gasket ba ya ƙonewa haka kawai, akwai abin da ya fara sa motar zafi, kuma in ba a gano shi ba sabon ma zai ƙone. A 406 a duba saurin farko na fanka, wanda yakan mutu shiru ba a sani ba. In an zuba ruwa kuma a buɗe 'yan kusoshin fitar da iska, domin wannan mota ba ta yafe iskar da ta maƙale a hanyar ruwa.

Na ƙarshe, wani matashi daga Maraɗi ya sayi sabuwar fanka, tana juyawa da ƙarfi, amma zafin ya ƙaru.

Ƙanina, mai yiwuwa an juya wayoyin ne, fankar tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta zuwa wajen inji. Ka riƙe 'yar takarda a gaban lagireto lokacin da take juyi: in ta manne, daidai ne, in ta ture ta, a musanya wayoyin biyu. Ka kuma duba ko an mayar da robar da ke kewaye da fankar, don wasu masu gyara kan jefar da ita. In an yi duk wannan zafin bai sauka ba, fankar ce ba ta da ƙarfin da motarka ke buƙata, ka mayar wa mai shagon tun rasit ɗinka yana hannu.