Amsa ga mai tambayar abin da za ta aika wa maigida a bakin daga

'Yar'uwa, duk wadda mijinta ke aiki a Borno ta san wannan zullumin. Kin ce kin aika masa da dambun nama roba guda, bai kwana biyu ba ya ce ya ƙare, har kina tunanin ko bai isa hannunsa ba. Wataƙila ya isa. Soja ba ya ci shi kaɗai. Waɗanda suke kwana gadi tare, Musulmi da Kirista, kwano ɗaya suke sa wa hannu, kuma wanda ya ɓoye nasa a ƙasan jaka, sunan da za a laƙaba masa sai ya biyo shi har bariki.

Saboda haka ki raba tun daga gida. Babbar roba ta jama'a, sai ƙananan ƙulli biyar ko shida nasa. Dambun kuwa, ki cire kitsen kaf, ki soya har ya daina ƙarar ruwa, ki baza a faranti ya huce sarai kafin ki rufe. In kika rufe da ɗumi zai yi gumi, cikin kwana uku ya yi fumfuna, balle a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kilishi a takarda ake naɗe shi, leda tana sa shi laushi. Ki haɗa da garin kwaki mudu biyu, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji mai daddawa, dabino da garin kunun tsamiya. Man shanu ki bar shi, narkewa yake ya ɓata komai.

Amma 'yan saƙo, Allah ya isa! Mace ta hana 'ya'yanta nama, ta kwana a bakin murhu, wani ya amshi kaya da "ba komai Madam", ya buɗe tun kafin a wuce Damaturu. Ya kai rabi, ko ya ce an ƙwace a shingen bincike. Kuma gobe ya gaishe ki a kasuwar Mami ta bariki ko kunya babu. Ba ki da bakin magana, don kada ki haɗa mijinki faɗa da na gaba da shi.

Ki naɗe bakin robar da salatif, ki rubuta sunan maigida a kai, ki ɗauki hoton kayan ki tura masa kafin motar ta tashi. In da hali, ku haɗa saƙo ku uku ko huɗu, a ba mutum ɗaya a gaban kowa. Kuma kada ki tambayi maigida inda suke a waya.